Amon da Sarewa Ba Ta da Shi

A birnin Riga, hawa na huɗu, ƙanƙara ta like taga,
Valdis ya raba dare a kan madannan piyano.
Ya ce sarewa, na'ura ta yi sarewa.
Ya gangara da ita can ƙasa, inda murya ke komawa gurnani,
ba ta yi masa gardama ba.
Abin da ba shi da huhu ina zai san haki?

Da safe, a zauren gwaji,
Dzintra ta cire safar hannu, ta hura wa yatsunta ɗumi,
ta bi takarda da ido, ta tsaya a layi na tara.
"Wannan amon ba a haife shi a sarewata ba.
Duba, ramuka sun ƙare. Daga nan sai ƙarfe."

Mai ƙaho ya leƙo:
"Ni kuwa ka ɗora ni kan hasumiyar coci,
ba tsani, ba wurin shan iska."

Valdis ya ciji fensir.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ya goge layin, ya miƙa wa babban goge.
Tsoho Imants ya ja tsirkiya sau ɗaya,
amon ya shigo, ya zauna,
ko sallama bai yi ba.