Wa Ke Goge Madubin?

Kwana tara da cire wa Baba yanar ido,
likita ya ce ya riƙa kallon nesa.
Ranar Talata, ana yayyafi a Baltimore,
na ce, "Tashi mu je lacca, kyauta ce."
Ya ce, "Ladidi, ba a raina kyauta,"
ya laluba hularsa.

Zauren ya cika: tsofaffi cikin rigunan sanyi,
wani yaro da hular 'yan sama-jannati ta kwali,
mu biyu a layi na huɗu, daf da ƙofa,
don marar Baba ba ta jiran kowa.

Aka kashe fitila.
Dokta Pellman, gajeruwa, furfura har gira,
ta haska wani madubi a bango,
ruwan zinariya, gida-gida kamar saƙar zuma.
Ta ce yana can sama, nisan mil miliyan,
ya ba rana baya, yana leƙen duhu.

Ni ce tafinta.
Ina raɗa masa ta kunnen hagu,
na dama ya daɗe da yin murabus.
Da ta zo kan nisa, Hausata ta yi tuntuɓe.
Na ce, "Baba, haske ma matafiyi ne,
yana kwana a hanya.
Wannan da kake gani ya baro gida
tun ba a haƙa rijiyar farko ba."

Ya ce, "Kamar wasiƙar Tanimu."
Ƙanensa ke nan.
Ta iso daga Sudan bayan sadakar arba'in,
tana cewa lafiya lau nake, a gaida yara.
Abin da matar ta faɗa bayan nan
ban fassara ba.

Sai ta ce kowa ya ɗauka yana riƙe da ƙwayar yashi,
ya miƙe hannu iya tsawonsa:
ɗan abin da ƙwayar ta kare na sama,
shi ne wannan hoton.
Bango ya cika da garken taurari,
wasu a naɗe kamar gammo,
wasu ja, kamar garwashin asuba.
Baba ya miƙa hannu cikin duhu,
saura kaɗan ya tuɓe wa na gaba hula.
"Shekara sittin ina duban Kaza da 'ya'yanta
kafin in zuba iri.
Na ɗauka na san sama.
Ashe a ƙofar gida na tsaya,
ko sallama ban yi ba."

Lokacin tambayoyi, yaron kwali
ya so sanin ko baƙin rami zai haɗiye makarantarsu.
Sai ga hannun Baba a sama.
Na ja masa riga. Ya ƙi.
Na miƙe, kunya na cin ƙeyata, na juya maganarsa:
"Yana tambaya, wa ke goge madubin?"

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta ce, "Babu kowa.
Wata tsakuwa da ba ta kai ƙwayar gero ba
ta taɓa faɗa masa, ta bar tabo.
Ba mai zuwa gyara.
Da tabon yake gani."

Baba ya kai yatsa gefen idonsa,
ya ce in ce mata ya gode.

Da muka fito ruwa ya ɗauke.
Fitilun birni sun cinye sama,
taurari uku kawai suka rage,
ɗaya ma jirgi ne.
Motar da na kira tana jira, kuɗi na hawa.
Shi kuwa ya tsaya a bakin titi,
ya rufe tsohon idon da tafi,
ya ɗaga sabon.
"Dakata," ya ce,
"wani na tafe."