Wake Biyu a Bayan Nemesio

Likita ta juya takardar magani,
a bayanta ta zana wake biyu.
Ta ce, Otilia, dunƙule hannunki.
Na dunƙule. Ta ce, to girmansu ke nan,
dama da hagu da ƙashin baya,
can ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe.
Ta dama ta ɗan sauko ƙasa
don hanta ta ci mata wuri.

Shekara ashirin da uku ina murza bayan nan da man zafi,
ban san ina bi ta kansu ba.

Ta ce cikin kowace akwai rariya kusan miliyan,
kowace rariya ƙullin jijiya ne
da ya fi gemun masara siranta,
a bayansa bututu mai lanƙwasa
kamar hanyar hawa dutsen San Cristóbal.
Jini ya shigo, ruwa ya tsiyaye,
sai bututun ya sake shawara:
gishirin nan namu ne, a mayar,
sukarin nan namu ne, a mayar,
ruwan ma, kusan duka, a mayar.
Ɗan abin da ya saura, mai ruwan ɗorawa,
shi ke gangarawa mafitsara.

Na ce ai na san wannan aiki.
Kullum asuba ina wanke masarar da ta kwana a ruwan toka,
in zubar da ruwa, in riƙe ƙwaya,
ko ɗaya ba na bari ta bi kwata.
Ta ce ganga guda suke tacewa a kwana,
lita ɗari da tamanin,
su sallami kwalba ɗaya da rabi.
Ko uwata ba ta kai su tattali ba.

Amma rake a Chichigalpa
da nauyi ake biyan mai saransa.
Gona ƙonanna, rana a tsakar ka,
jarkar ruwa can bakin kunya,
taku arba'in zuwa, arba'in dawowa.
Nemesio ya lissafa takun,
ya haɗiye miyau, ya ɗaga adda.

Ciki yana kuka in ya ji yunwa,
huhu yana tari,
zuciya tana buga ƙofa da dare.
Ƙoda ba ta da baki.
Rariya ta mutu, maƙwabciyarta ta ɗauki kayanta,
ita ma ta mutu, ta gaba ta ɗauka,
ba wadda ta aiko mana.
Sai ranar da takalminsa ya ƙi shiga,
fatar idonsa ta yi fari kamar cikin rogo.
Ashe su ke aika wa ɓargo saƙo ya yi jini,
su ke riƙe linzaminsa kada ya hau.

Yanzu Litinin, Laraba, Juma'a
muna shiga bas ɗin farko zuwa León.
Inji mai tsayin firji, mai ƙugi da fitilu,
yana awa huɗu yana kwaikwayon
abin da wake biyu suka yi shiru, kyauta,
har yana barci, har yana rawa a bikin ƙanwarsa.

Da akwai ruwa, babu lokacin sha.
Yau ga lokaci har ya yi yawa,
an ƙayyade masa kofi biyu.
Yana tsotsar ƙanƙara a hankali
kamar yaro da alewar ƙarshe.

Jiya na ji ƙarar dutsen washi a bayan ɗaki.
Eulalio ne, shekararsa sha bakwai,
da addar ubansa a gwiwa.
Ban ce masa kada ka je ba,
tukunya ba ta jin wannan magana.
Na cika jarka biyu, na ɗaure masa ɗaya a ƙugu,
da zai fita na dafa bayansa,
ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe,
na daɗe ban ɗauke hannu ba.

Ya ce, Mama, lafiya?
Na ce, ka sha ruwa.