Inda Ruwa Ya Tsaya Bara

Ɗaki tara ne a masaukin nan,
rufin ganye, bangon raga.
Ba kwaɗo ko ɗaya a ƙofofinmu,
kwaɗin duka suna fadama,
kuma da na kashe janareta ƙarfe tara
su ke karɓe dare.

Ni ne Eladio, mai jan kwalekwale.
Awa biyar daga Nauta nake ɗauko baƙi,
da takalman da ba su taɓa gaisawa da laka ba.
Yawancinsu aku suke nema, ko biri, ko kada.
Amma tsohuwar nan ta Lima, Doña Hortensia,
ta ce tsuntsu ya ishe ta,
mutane take son gani.

Sai na kai ta garinmu.

Gidajenmu tsaye suke kan dogayen ƙafafu
kamar zalɓe mai jiran kifi.
Mun tarar da inna Zoila tana soya garin rogo,
hayaƙi na matse mata ido,
ko kai ba ta ɗaga wa kyamara ba.
Ta dai miƙo ƙoƙon masato.
Baƙuwa ta kurɓa, fuska ta yamutse,
ta sake kurɓa,
yara suka zube ƙasa don dariya.

A ginshiƙin gida ta ga tsagar wuƙa,
layi bisa layi, ta ce, wannan fa?
Na ce, lissafin Marañón ne.
Nan ruwa ya tsaya bara.
Nan, shekarar da aka haifi Nélida.
Nan kuma ya shiga makaranta ba sallama,
muka haddace jadawali a cikin jirgi.

Na can sama fa, wanda hannu ba ya kaiwa?

Wannan ni na tsaga shi, na ce,
a tsaye cikin kwalekwale,
don mai wuƙar ya fita duba koma
bai dawo ba.
Mu Kukama ba mu ce ya mutu ba.
Akwai gari a ƙarƙashin kogi,
wanda ruwa ya ɗauka ƙaura ya yi.
Inna har yau takan ajiye masa taba
a bakin gaɓa.

Tsohuwa ta mai da kyamara jaka.
Ba ta ce komai ba, na kuwa gode.

Da yamma muna komawa,
kogi ya yi launin shayi da madara,
sai ga bufeo ya huda ruwa,
bayansa ja-ja kamar tafin jariri,
ya fesar da numfashi kusa da mu.
Ta kama hannuna: shi ne?

Na ce, haba Doña, wannan kifi yake nema.

Amma na kashe injin.
Muka bar ruwa ya tafi da mu
har sauro ya tuna mana da hanya.