Hanyar Yanke a Gefen Hagu

A Valparaiso tudu ne ke goye da tudu,
gidaje na taka kafaɗar juna su leƙa teku.
Ofishinmu na can ƙasa, daf da tashar jiragen ruwa,
inda gishiri ke cin ƙarfen taga
a hankali, yadda kwanaki ke cin albashi.

Makon da na fara aikin akawu,
duk takardar da na gama, a ƙafa nake raka ta gida.
In danna adanawa, taga ta buɗe,
in shiga foldar Kamfani, in gangara Sufuri,
daga nan Shekara, daga nan Wata,
Jirage Masu Fita, Kayan Sanyi, sunan jirgi,
ƙofa bakwai kafin fayil ɗaya ya kwanta.
Sau arba'in a yini.
Kai ma lissafa.

Ranar Alhamis na yi ɓatan kai.
Takardar kwantena goma sha biyu na inabi
na jefa ta cikin watan da ya shige.
Jirgi na huci a bakin gaɓa, waya na ta kuka,
ni kuwa ina buɗe ɗakuna ina rufewa
kamar mai neman takalminsa bayan an watse biki.

Leontina Barria,
shekara talatin da ɗaya a kujera guda,
ta ture kofin shayinta, ta matso.
Ba ta ce uffan ba sai da ta tono fayil ɗin.
Sannan ta cafke foldar da linzami,
ta ja ta kamar mai jan ɗan akuya,
ta ɗaure ta a gefen hagu na tagar.

Ta ce, "Baltasar, ga ta nan, danna ɗaya.
Mai cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara
bai taɓa ganin inabi na jiran takarda ba.
Amma ka riƙe wannan:
abin da na maƙala ba shi ne ɗakin ba,
yatsa ne mai nuna ƙofa.
Ka goge yatsan, ɗaki na nan daram.
Ka ɗauke ɗakin, yatsa ya yi ta nuna iska."

Da muka tashi ta bi da ni wata matakala
tsakanin gidan burodi da bango mai zanen kifi,
siririya, sai mutum ya karkace kafaɗa.
Minti shida muka kai inda bas ke kewaya rabin awa.
Tana haki tana dariya,
ta ce babu wanda ya zana wannan a taswira.

Cikin ruwan sanyin Yuni ta yi ritaya,
ta koma kudu, tsibirin iyayenta.
Na gaji teburin, da kofin mai tsage,
da kwamfutar da haruffanta suka suɗe.

Safiyar farko na danna adanawa.
Ga su jere a hagu, yadda ta bar su:
Kayan Sanyi. Kwastan. Rasidai.
Wasiƙun Ban Haƙuri, wadda ta fi kowacce cika.
Can ƙasa kuma, ita kaɗai, Amaro.

Na daɗe linzami na shawagi a kai.
Na danna.
Kwamfuta ta yi jim, ta ce ba ta sami wurin ba,
ko ina so a cire wannan hanya?

Ɗa ne, ko miji, ko kare,
ko wani jirgi da ya fita bai dawo ba?
Mai gadi ya ɗaga kafaɗa.
Manaja ya ce bai san sunan ba.
Ta kwashe ɗakinta ta tafi da shi,
ta manta yatsan,
ko kuwa ba mantuwa ba ce.

Na ce a'a, a bar ta.

Yanzu nawa sun kai takwas a gefen hagu.
Sau arba'in a yini nake wuce ta
in na je ajiye takardun inabi da kifi,
tana nan a ƙasan jeri,
tana nuna kudu.