Taswirar Shekara Talatin

Bayan an tashi a hukumar ruwa,
Injiniya Gidado ya shimfiɗa taswirar Gombe,
ya danne gefe ɗaya da kofin shayi,
ɗayan da wayarsa mai tsagaggen gilashi.
Ni ke riƙe masa tocila in an ɗauke wuta.

Ya ja jan layi daga Dadin Kowa,
ya ratsa gari, ya haura Tumfure,
ya dire shi a wani fili
da babu kowa sai gonar wake.

Na ce, Yallaɓai, wa zai sha a nan, kurciya?
Ya ce, nan makarantar jikokinka,
nan kasuwa, nan mai wankin mota
da zai zage ni ranar da famfo ya yi tari kawai.

Yana ƙirga waɗanda ba a haifa ba,
kowa da bokitinsa,
har da rabon yoyon bututu
da na wanda zai huda shi cikin dare.

Saura shekara biyu ya yi ritaya.
Gwiwarsa ta daina shiri da matakala.
Takardar za ta kwana a durowa,
gara ta ɗanɗani kusurwarta,
wani ya zo ya sake mata suna.
Ya sani.

A bakin ƙofa ya tsayar da ɗan garuwa,
ya sayi jarka biyu,
don kwana tara ke nan famfon gidansa shiru.
Ya ɗaure su a bayan babur,
ya naɗe taswirar cikin leda
kada ruwan ya jiƙa ta.