Ƙirga Goma

Ni ne mai kiran mota a tashar Damagaram.
Maraɗi! Tanut! Magariya, saura mutum ɗaya!
Muryata na kaiwa har bakin Kasuwar Dole,
da ita nake ci, da ita nake biyan haya.
Amma Lawali ɗana, shekara huɗu da ɗoriya,
in yana son abu sai ya ja mini riga,
ya nuna da haɓa.

Wanzami ya leƙa ƙarƙashin harshe, ya ce ba abin yanka.
Gwaggonsa ta ce uban ne ya cinye rabon ɗan,
ya kwashe maganar gida ya zubar a tasha.
Na yi dariya a gabanta.
Da dare ban yi ba.

Ranar Laraba muka sami Malama Cima,
ɗakin ƙarshe, bayan inda ake awon jarirai.
Na zaci allura, na zaci kwalba.
Sai ga tabarma, da madubi mai tsaga a gefe,
gashin zabo, kofin ruwan sabulu,
da kwalin shayi cike da hotunan da ta yanko da almakashi.

Ta tuɓe takalmi ta zauna ƙasa
har idonta ya yi daidai da nasa.
Ba ta ce masa “ce baba” ba.
Ta hura kumfa, kumfa ta yi yawo,
ta fashe a kan hancinsa.
Sannan ta rufe kofin da tafin hannu,
ta yi shiru.

Bakina ya riga ni:
“So yake ki ƙara, Malama.”
Ta ɗaga mini yatsa, ko waiwayowa ba ta yi ba.
Da za mu tafi ta ce, “Malam Isufu,
kana cika masa mota tun bai yi kira ba.
In ya dube ka, ƙirga goma a zuci.
Bar masa kujera.”

Goma!
Ni da ban taɓa barin fasinja ya yi tunani ba.

Laraba ta bi Laraba.
Ya kora gashin zabo da numfashi har ƙarshen tabarma.
Ta ɗiga masa zuma a leɓen sama
don harshe ya koyi hawa.
Baki biyu a madubi ɗaya, suna buɗewa, suna rufewa.
Ni da gemuna na yi kukan saniya, na yi na tunkiya,
maƙwabta suna leƙe ta katanga.
Wata rana ya watsar da hotunan, ya kwanta yana shure-shure.
Na ji kunya. Ita ko tana tsincewa ta ce,
“Wannan ma magana ce. Cewa ya yi ya gaji.”

Wata uku, ba mu da komai sai “mm”.

Famfonmu ya yi kwana tara bai ɗiga ba.
Can tsakar dare ya yi tari, ya yi kaki,
ruwa ya faɗa cikin jarka da ƙara kamar ganga.
Barira ta fito da bokitai.
Sai na ji an ja mini riga.
Na san abin da yake so, kofin ma yana hannuna.
Ɗaya.
Biyu.
Harshena na ƙaiƙayi.
Biyar. Shida.
Bakwai.

“Uwa.”

Barira ta saki bokiti a kan ƙafarta.
Ta ce ita ya kira.
Na ce ruwa ya ce, farkon ne bai iso ba.
Har yau ba a raba gardamar ba.

Malama Cima ta rubuta a littafinta, da kwanan wata,
ta ce wannan harafin daga nesa yake tahowa,
a motar ƙarshe yakan zo, kada a tada hankali.
Ta ɗauko kofin sabulu.
Akwai yara huɗu a benci suna jira,
wata uwa na murza bakin zanenta.
Na matsa mata ta zauna.
Ban ce mata komai ba.