Naɗi Bakwai

Kawu Barau naɗin fanka ne sana'arsa,
'yar rumfa a Sabon Gari, bayan masu faci,
amma ranar Lahadi ba ya karɓar aikin kowa.
Sai ya ja ƙyaure, ya juye gwangwanin madara a kan benci:
ƙugiyoyi, baƙin zare, gashin zabo,
da guntayen wayar tagulla
da ya warware daga fankokin da suka ƙone.

Masuntan Galma dariya suke masa.
Su tana suke soka wa fatsa, ko hanjin kaza,
shi kuwa ƙarya yake ɗaura wa ƙugiya,
ƙaryar ɗan kifi da rigar tsuntsu.
"Barau, yaushe kifi ya fara cin zabo?"
Bai taɓa tanka musu ba.

Ranar da ya fara bari in ɗaura tawa,
na yi mata ado kamar mai zuwa gidan suna.
Na jefa. Ta kwanta a saman ruwa
tana lilo kamar takardar alewa.
Ya ce, "Kyau kam akwai shi,
sai dai sallama take yi a ƙofar gida,
masu gidan kuwa suna can ƙurya."

Na koma na ɗora mata darma,
na matse da haƙori.
Ta faɗa tsundum, ta wuce cikin laka.
Na ja, na jawo ciyawa da rabin silifa.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace,
sannan ya haɗe rai:
"Kada in ƙara ganin darma a bakinka."

Da yatsun nan nasa masu kanta ya nuna mini.
Naɗi bakwai na tagulla,
kusa da kai, ba a gindi ba,
a matse su kamar yara a tabarma ɗaya,
a bi su da zare don kada su zame.
In damina ta cika kogi yana gudu, a ƙara huɗu.
In rani ya janye shi har duwatsu sun leƙo, a rage biyu.
"A ka ake sa nauyi,
don in ka saki ta sunkuya, in ka ja ta ɗago,
kamar ɗan kifin da ya ji ciwo yana ɓoyewa.
Babba ba ya wahalar da kansa a kan mai lafiya."

Ya koya mini ƙirga bayan jifa:
ɗaya, biyu, har shida,
kafin hannu ya motsa.
Ni a uku nake ja.
Shekara biyu ina ja a uku.

Bara, bayan ƙaramar salla, muka kai shi makwanci.
Aka sayar da rumfar, mai cajin waya ya shiga.
Gwangwanin kaɗai na roƙa.

A cikinsa na tarar da ƙugiya ɗaya tsirara,
ba gashi, ba zare,
naɗi biyar, bakin wayar yana reto ba a yanke ba.
Na kwana ina juya ta.
Ta rani ce ya gama,
ko saura biyu aka yi masa sallama ya tashi?

Ban ƙara ba, ban rage ba.
Na yanke bakin, na sa mata gashin zabo,
na hau babur da asuba zuwa Galma.
Ruwan ba na rani ba ne, ba kuma na damina ba.
Wani tsoho a cikin kwalekwale ya gane gwangwanin,
ya ɗaga mini hannu, bai yi dariya ba.

Na jefa.
Zaren ya miƙe, ya fara shiga a hankali.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Hannuna ya so ya ja.
Huɗu.